Littafin Zanen da Ya Kai Ni Adar

Tun da na dawo daga Adar ban huta ba. Duk wanda ya zo rumfata a bakin gareji, ko da allon aski ya kawo in zana masa kawuna, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Mani, yaya Faranshi?" In na ce lafiya lau, sai a ce ai ba a ƙetare iyaka a dawo da lafiya lau kaɗai. Wasu kilishin Madawa suke tambaya, wasu so suke su ji ko gaskiya ne jandarma na sa mutum tsallen kwaɗo. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa ina riƙe da burushi, shi ya sa na zauna in ba da shi gaba ɗaya. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba.

A Madawa aka haife ni, na baro ta ina saurayi, Sakkwato ta riƙe ni da sana'ar zanen motoci da alluna. Yayata Hajo tana aure a wani ƙauye gaba da Keita, can cikin duwatsu. Ɗanta na fari, Isuhu, ya yi boko har ya taɓa kolej, sannan ya bi motar albasa a matsayin yaron mota, suna kai kaya arewa. A shekarun nan da hanyar arewa ta lalace, 'yan bindiga suka tare ayarin motocinsu, aka kashe direbansa da wasu mutane, shi kuwa Allah ya yi da sauran shan ruwansa. Na ji labarin tun a lokacin, na yi hamdala, na ɗauka magana ta ƙare.

Farkon daminar nan sai ga wani mai tallar tabarmi ya kawo mini saƙon baki daga Hajo, da wani abu ƙunshe a tsumma. Saƙon ya ce Isuhu ya daina magana, ya daina zuwa gona. Ya shige ɗaki da wasu littattafan zane da wani baƙo mai aikin gyaran ƙasa ya bar masa, yana ta kwaikwayonsu da gawayi a bango. Ubansa, Arzika, ya yanke shawara: ranar kasuwar Keita ta sama mai mari zai zo ya tafi da shi. Hajo ta ce ni ne mai zane a danginmu, in zo in ga abin da ke cin ɗanta kafin a sa masa ƙarfe. Wanda ya taɓa ganin mutum a mari, ƙafa a kumbure, ana masa bulala da sunan magani, ya san abin da ya sa na rufe rumfa a ranar.

Na kwance tsumman na ga ɗaya daga cikin littattafan. Ƙarami ne, baƙi da fari, maganar mutane da Faransanci a cikin 'yan da'irori kusa da bakinsu. Daga dama ake buɗe shi kamar littafin malamai, abin da daga baya na ji ya ƙara tsorata mutanen ƙauyen. Aikin mutanen Japan ne, aka ce can babba da yaro haka suke karanta labari, kuma wannan ɗin ya yi suna ƙwarai. Ni Faransancina bai wuce na gaisuwa da zagi ba, amma ina jin zane. Da na buɗe, ba tsoro ne ya fara kama ni ba, kishi ne. Mai zanen nan da baƙar tawada kaɗai ya yi ruwan sama har kana jin sanyinsa. Ba ya shafa inuwa yadda muke yi, layuka sirara yake ja a gicciye har duhu ya taru. Hannuwa kuwa, kowane mai zane ya san hannu ke tona asiri. Ni shekara da shekaru ina ɓoye hannun mutanena a aljihu ko bayan sitiyari, shi kuwa kowa ya ba shi yatsunsa cif, da jijiya da farce.

Na kama motar Illela da safe. A ɓangarenmu ba wanda ya kalli jakata. Da muka isa shingen Ƙonni sai ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, wani dogo mai tsagen Gobirawa, ya zazzage ta a kan tebur, littafin ya faɗo.

"Mi na na wanga?" ya ce.

Na ce littafin zane ne, na ɗan yayata. Ya buɗe ta hagu ya ga ƙarshe, ya juya, ya sake juyawa, na nuna masa ta inda ake farawa. Sai ya ce, "Zamna nan," ya koma bencinsa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na zaci bincike yake yi, ashe karatu yake. Direbanmu ya yi ta danna oda har ya gaji ya sauke mini buhun tsarabata ya tafi. Ina zaune ina cin raina, ga tsoron in yi magana a ce na raina hukuma. Sai da ya kai bango ya ɗago.

"Jarumin ga bai yi dariya ba ko sau guda," ya ce. "Mutum shi yi ta ɗaure huska awa an aiko mai da mutuwa. Amma mai saida ruwan ga, shi na mugu na gaskiya. Ka ga yadda shika gaisuwa da ladabi? Irinsu muka gani nan kullum. Ina na gaba?"

Na ce shi kaɗai ke gare ni. Ya yi tsaki kamar ni na rubuta na ƙi ƙarasawa, ya miƙo mini, ya tsayar mini da wata motar da kansa.

Ƙasar haihuwata ce, amma baƙo na koma. Burodinsu dogo kamar sanda, in ya kwana kana iya korar kare da shi. Rana na take tsaka kowa ya rufe ofis da shago ya tafi barci, ko gobara ake yi. Jandarma zai sara maka da ladabi kafin ya nemi takarda, kuma ba ya dariya da kai yadda namu ke yi, wanda ban san ko alheri ba ne ko akasinsa. Tsofaffi kuwa da sun ji bakina sai su ce, "Daga Ingilishi kaz zo?" Mu nan mu ce musu Faranshi, su can su ce mana Ingilishi, alhali duka tuwo ɗaya muke ci.

Na sauka wajen Barnaba, abokina tun muna wasan langa. Kirista ne, shi ke ɗaure raunuka a asibitin mishan da ke kan hanyar Madawa. Matarsa Saratu tana da buta da tabarma da ta ware don baƙi Musulmi, ta nuna mini gabas tun kafin in tambaya, sannan ta kawo dambun zogale da ƙuli da albasa mai yawa, don a yankin nan albasa ba ta da maigida. Bayan la'asar muka zauna ƙarƙashin dogon yaro, Barnaba ya sa tabarau ya fassara mini labarin shafi bayan shafi.

Ga yadda yake. Wata ƙasa ce da rana ta daina fitowa sosai. Mutane na tafiya ayari-ayari daga gari zuwa gari, wasu halittu masu sanye da fuskokin matattu suna bin sawunsu. Jarumin mai rakiyar ayari ne, makaminsa lauje mai sarƙa. Duk ayarin da ya raka sai an cinye shi, shi kaɗai ke fita. Akwai wata yarinya mai riƙe da fitila da ke biye da shi, ba ta magana. Akwai mai dahuwa, wani mai tumbi mai barkwanci. Sai mai sayar da ruwa a bakin rijiyoyi, wanda ke tarbar matafiya da fara'a sannan ya sayar da su ga halittun. Da Barnaba ya kai inda aka ce shi kaɗai ke fita, ya cire tabarau ya dube ni, ni ma na dube shi. Ba wanda ya ambaci Isuhu.

Sai ya huce a kan littafin. "Jinin ga ya yi yawa, Mani. Mutum ba randa ba na. Dubi wanga, an sare mai hannu, shina tsaye shina jawabi. Ni na ga waɗanda anka sara da gatari, na ga na haɗarin mota. Ruwa suka roƙo, ko su kira uwassu. Ba mai jawabi."

Ya ce kuma faɗa ɗaya ya cinye rabin littafin, ana ta sara ana tsalle, labari na tsaye wuri guda kamar jakin da ya ga gada. Nan na yarda da shi. Inda muka raba hanya shi ne mutuwar mai dahuwa. Barnaba ya ce wayo ne mara kyau, marubucin ya sa ka so mutum don kawai ya yanka shi a gabanka. Ni kuwa na ce ya duba abin da ya biyo baya: shafi biyu cur babu kalma ko ɗaya, tukunya kawai a kan murhu tana tafasa, ludayi a ƙasa. Na ce wanda ya san ya yi shiru a nan ya san aikinsa. Muka yi ta ja har Saratu ta leƙo ta ce ko gadon mai dahuwar muke rabo.

Da safe, da zai raka ni bakin titi, ya daina wasa. "Ba aljani ba na," ya ce. "Abin da yag gani na. Na ga irinsu. In kun rasa yadda za ku yi, ku kai shi likita Tawa, amma don Allah kak ku bari a sa mai ƙarhe." Ya yi masa addu'a irin tasu, na ce amin da zuciya ɗaya.

A Madawa na ratsa unguwarmu ba wanda ya gane ni, gidanmu ma an raba shi an yi shagon gyaran rediyo a zauren. Abin ya sosa mini rai fiye da yadda na zata. Na sayi kilishi na tafi tasha, na samu akori-kurar Buza, irin wadda suke kira bashe, muka zauna jiran ta cika. Ba ta cika ba sai da rana ta karkata, kuma cikarta ta haɗa da awaki da buhunan iri da wani keke. Daga nan kwalta ta ƙare, sai jar hanya mai gargada, ana hawa ana gangara. Hadari ya taso mana daga gabas tun kafin mu ga Buza, muka shiga garin a jiƙe sharkaf. Direba ya ce ba mai wucewa Keita yau, ƙoramu sun kawo.

Muka kwana a zauren wani ɗan'uwan direban. Tun kafin magariba aka kawo mana hura da nono a ƙwarya, mai kauri, ta gero zalla, wadda in ka sha sai ka ji kamar an kafa ka a ƙasa. Cikin fasinjojin akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Inna, za ta je wankan jegon jikarta. Ta ga na fito da littafin ina shanya gefensa da ya jiƙe, ta miƙo hannu ba tare da ta tambaya ba. Na gaya mata labarin a taƙaice. Ta daɗe tana kallon jarumin.

"Wanga yaro ɗan wa na?"

Na ce ba a faɗa ba.

"Ba shi da uwa? Ba kawu, ba gwaggo? To wa ka ba shi abinci? In ya yi ba daidai ba wa ka yi mai hwaɗa?" Ta girgiza kai. "Shi yas sa ya lalace. Mutum ba dangi ai icce na ba saiwa."

Ta juya shafi ta ga yarinya mai fitila. "Idanu awa na mujiya, hanci babu. Da mi taka shaƙar iska? Mi tac ce nan?"

Na ce ba ta magana, har ƙarshen littafin.

"Ɗiya mace ta bi namiji cikin daji tana riƙe mai fitila, ba ta ce mai komi ba?" Ta miƙo mini littafin. "Namiji na yaz zana ta."

Zauren ya kwashe da dariya, ni ma na dara, kuma ban iya kare mai zanen ba, don gaskiya ta faɗa. Yarinyar ba mutum ba ce, madogarar fitila ce. Direba ma ya sa baki ya nuna dabbobin ayarin, ya ce wanda ya ɗora kaya a wuyan dabba haka bai taɓa yin lodi ba. Wannan ni ma na lura da shi tun a Sakkwato, na ji daɗi ƙwarai da na samu abu ɗaya da na fi mai zanen sani. Amma dariyar ba ta kai mini ciki ba. Kwanaki na tafiya, kasuwar Keita na matsowa, ni kuwa ina zaure ina jiran ruwa ya janye.

Washegari muka tashi, muka tarar da ƙorama ta farko tana gudu ja wur, motoci a tsaye gaba da baya. Muka yi zaman jira har rana ta yi sama. Da ruwan ya sauka zuwa gwiwa aka ce maza su sauka su tura. Na naɗe littafin a leda na cusa cikin hula, na shiga. A tsakiyar ruwan laka ta riƙe mini takalmi ɗaya, na sunkuya in ciro, mota ta zabura, na faɗi rub da ciki. Takalmin ya tafi abinsa. Inna tana bisa buhuna tana cewa, "Sannu ɗan Ingilishi, ruwan Adar na ka gaishe ka." Haka na shiga Keita da silifa ɗaya na aro, ɗaya nawa.

Abin da na gani a hanyar nan da ba zan manta ba shi ne mata. Layi-layi suke a jikin tuddai, kowace da dutse a ka, suna jera su don tare ruwa kada ya kwashe ƙasa. Inda na sani fako ne tun ina yaro, yanzu ga itatuwa sun fara kai ƙugu. A wajenmu in aka ce mace ta ɗauki dutse ta hau tudu sai an yi shari'a, su kuwa suna yi suna waƙa. Daga Keita na hau amalanken jaki, na isa ƙauyen jajibirin kasuwa da la'asar.

Hajo ta tsufa fiye da shekarunta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ka zo." Arzika ya ja ni gefe. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Gidansu gidan gargajiya ne, kakansa ke riƙe da tsafin dutsen garin a da, kuma 'yan'uwansa sun matsa a kira masu goge a yi wa yaron girka ta bori. Shi da ya kama salla da gaske ya ce ba a gidansa ba.

"Mani, na yi rubutu, na yi hayaƙi, na yi sadaka," ya ce. "Ɗana na hwari na. In na bar shi haka, mutuwa za shi yi ina kallo. Gobe da hantsi mai marin na tahe. In kana da wata dabara, ga ka ga shi."

Na shiga ɗakin. Isuhu na zaune a ƙasa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, yatsunsa baƙi ƙirin. Na yi sallama, na ce, "Isuhu, kawunka ne." Ya dube ni, ya gane ni, bai amsa ba. Na juya ga bango. Na zo da tsammanin ganin dodanni, ko jarumin da laujensa. Babu ko ɗaya. Abin da ya kwaikwaya su ne mutanen da ke gefen zane, waɗanda aka riga aka kashe, suna kwance a kusurwar shafi inda ido ba ya tsayawa. Wani ya yi rub da ciki, wani hannunsa a ƙarƙashinsa, wani takalmi ɗaya a ƙafa. Tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa, mutane ne a kwance.

Ban san abin da ake ce wa mai irin wannan ciwo ba, sai na yi abin da na iya. Na zauna kusa da shi na kama maganar sana'a. Na ce layinsa ya yi kyau amma yana danne gawayi da yawa. Na ce ya fi ni iya hannu, kuma ba wasa nake ba. Na kwashe duk abin da na tsinto a hanya na zuba masa: ɗan duwan da ya ce jarumin ba ya dariya, Barnaba da randarsa ta jini, Inna da ta ce namiji ne ya zana yarinyar. Ko gezau. Na jawo sauran littattafan da ke jibge a gefen tabarma ina buɗewa. Ayari bayan ayari, gari bayan gari, ana ta zubar da mutane. Ga gajiya, ga tsoron gobe, ga yaron nan da na goya a kafaɗa yana zaune kamar kututture. Raina ya ɓaci da littafin, na buga shi a ƙasa.

"Ka san abin da ya fi ba ni haushi da mutumin nan?" na ce. "Ya iya zane, ban hana shi ba. Amma maƙaryaci ne. Dubi mutanen da ya kashe. Wa aka wanke? Wa aka yi wa sutura? Ko rami ɗaya ba a haƙa ba. Jarumin banza ya goge laujensa ya wuce. A ina aka taɓa barin mutum kwance a ƙasa a tafi?"

"Kawu."

Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na juya na dube shi.

"Ba ƙarya ba ta. Haka munka bar su."

Ya yi maganar yana kallon bango, a hankali, yana tsayawa. Ya ce da aka buɗe musu wuta, motarsu ta tsaya, ubangidansa ya faɗo ta ƙofa. Wata motar da ke baya ba ta tsaya ba, wani ya finciko shi sama tana gudu. Ya waiwaya ya gan su a kan rairayi suna ƙanƙancewa. Bai san wanda ya rufe su ba, bai san ko an rufe su ba.

"Dut littahin ga tatsuniya ta, Kawu, na sani. Wanga wuri ɗai na gaskiya, shi yas sa nika dubinai." Ya ci gaba da cewa, "Da niz zo gida, anka yanka akuya. Mata na guɗa. Kowa yaz zo, barka da arziki, barka da arziki. Har daga ƙauyukka anka zo yi min barka. Ni ko mutanena na kwance cikin rana. Tare muka cin tuwo, tare muka kwana ƙarƙashin mota. Ba wanda yac ce min ya haƙuri. Ko mutum guda."

Hawaye kawai na ji a gemuna. Kuma na ji kunyar abin da na faɗa a kan mai zanen. Jinin da ya zuba ya yi yawa, yarinyarsa ba ta da baki, dabbobinsa ba su san lodi ba, duk ina nan a kan bakana. Amma wurin da na kira ƙarya, nan ne ya fi mu sanin duniya. Da na ɗaga kai sai na ga inuwar Arzika a bakin ƙofa. Ya ji komai. Bai shigo ba, ya juya ya tafi.

Da gari ya waye, bayan an sauko daga masallaci, na ga Arzika yana fito da tabarmi. Duk tabarmar da ke gidan ya kwaso, har da ta ɗakin Hajo, ya shimfiɗa a ƙofar gida ƙarƙashin bedi, wato dogon yaro. Ya aika a gaya wa liman da mai gari cewa an yi musu rasuwa. Hajo ba ta tambayi komai ba, ta jiƙa gero ta hau dakan gumbar sadaka, maƙwabta suka ji sautin turmi suka shigo da taɓarensu. Sannan Arzika ya shiga ɗakin da kansa. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga sun fito tare, ya zaunar da ɗansa a tsakiya, wurin da mai mutuwa ke zama, shi ya koma gefensa.

Mutane suka fara zuwa cikin ruɗani, don ba a ji kuka da dare ba, ba a ga makara ba. Arzika ya gaya wa liman a taƙaice. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce, "Lalle mun yi barka, mun mance gaisuwa." Ya matsa gaban Isuhu ya durƙusa, ya ba shi hannu. Daga nan kowa ya bi sahu, har 'yan'uwan Arzika masu son a kira goge, har waɗanda ke kan hanyar kasuwa suka ɗaure jakunansu suka zo.

Da hantsi sai ga mai marin, wani kakkauran mutum da buhu a kafaɗa. Ya tsaya daga nesa ya ga zaman makoki a gidan da aka kira shi. Ya tuɓe takalmi, ya zo ya zauna a bakin tabarma, ya ajiye buhun, ƙarfen ciki ya yi ƙara. Kowa ya ji, ba wanda ya kalli wajen.

"Ashe rashi anka yi," ya ce. "Allah shi jiƙan rai. Wa yar rasu?"

Arzika ya dubi ɗansa. Isuhu ya daɗe yana kallon yatsunsa, sannan ya ɗago.

"Mamman, ubangidana," ya ce. "Da Alhasan, yaron mota ɗan'uwana. Da wani tsoho mai goro da munka ɗauka hanya, ban san sunanai ba. Da Idi, abokina."

Mutumin ya ɗaga hannu, muka ɗaga tare da shi, aka yi musu fatiha ɗaya bayan ɗaya, har da tsohon da ba a san sunansa ba. Da aka shafa, ya ɗan jima a zaune, ya karɓi gumbarsa, ya saɓi buhunsa ya nufi kasuwa shi kaɗai.

Isuhu bai tashi ba, don akwai sauran mutane a tsaye suna jiran su gaishe shi. Wata tsohuwa ta dafa sanda ta sunkuyo ta ce, "Isuhu, ya haƙuri?"

Na ji ya ce, "Da godiya, Inna."